Takardar buri: me ɗan ajin bak zai rubuta, kuma ta ina zai fara?

Mai tambaya, Sabon Gari: Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena yana ajin ƙarshe na lise (babbar sakandare), seri D, wato ɓangaren kimiyya, bana zai zauna bak, jarrabawar shiga jami'a. An ce kowa ya rubuto shafi guda: me yake son zama, wace ƙa'ida ya riƙe, ina yake son ya kai nan da shekara 10. Ya rubuta "ina son in zama likita in taimaki al'umma", daga nan alƙalami ya tsaya. Malamai da waɗanda suka bi ta jami'a, a taimaka mana.

Malamin lise: Wa alaikumus salam. Wannan jimlar kusan kowane ɗan seri D ita yake kawowa. Ba laifi gare ta ba, sai dai ba a lissafa mata hanya ba. Ka sa shi ya fara daga ƙarshe ya dawo baya. Karatun likita ba ya kasa shekara 7 bayan bak, in ba a maimaita aji ba, ba a kuma yi asarar shekara ba. Mai shekara 19 yau, 26 ce mafi kusa da zai fita. Ya rubuta lambar ya dube ta.

Sannan ya ɗauko takardun makinsa tun daga ajin farko na lise, ya jera darussa uku kawai: ilimin halittu, fizik da ilimin sinadarai, sai lissafi. In biyu daga ciki suna ƙasa da 10 bisa 20, to burinsa na bana ba likita ba ne tukuna, ɗaga makin nan ne, kuma shi ya kamata ya fara rubutawa: ɗaga maki daga 8 zuwa 11 kafin jarrabawar gwaji, da tsofaffin tambayoyin bak guda biyu kowane mako, da agogo a gabansa. Masu karanta amsar da aka gyara ba su taɓa gwada tambayar da kansu ba, su ne ke tsammanin sun iya har ranar jarrabawa.

Malama, Bagalam: Ni wajen ƙa'idojin zan tsaya. Yara suna jero gaskiya, haƙuri, riƙon amana, ladabi, har goma. Uku sun isa, kuma kowace a mayar da ita aikin da ido ke gani. Riƙon amana: kuɗin rajista da Baba ya bayar, a kawo masa rasit ranar nan. Gaskiya: ba leƙen takardar wani, ba shiga da waya. Wanda ya saba leƙe a lise, ranar da aka tsayar da shi gaban mara lafiya wa zai leƙa?

In ɗiya mace ce, a ƙara layi guda: an yi maganar aure da karatu a gida ko ba a yi ba? A yi ta da wuri, gaban manya, kafin a karɓi kayan kowa. Alkawarin "za ta ci gaba" da aka yi a zance ƙofar gida ba ya ɗaukar nauyin goyo da jarrabawa.

Ma'aikaci a jami'a: Malam ya yi daidai. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi tana da sashen lafiya, da na kimiyya da fasaha, da na noma da muhalli, ga kuma IUT, cibiyar koyon fasahar sana'a ta jami'ar. Mai son shari'a sai Tawa ko Yamai, wannan ma ya shiga lissafi tun yanzu. Lisansi, wato digirin farko, shekara 3 ce, zango 6, kowane zango kiredi 30 (ma'aunin darussan da aka ci), jimla 180. Masta shekara 2, kiredi 120. Inda ake faɗuwa shi ne zangon farko. Babu mai kiran suna kullum kamar a lise, yaro ya ga babu mai tsare shi, ya tara kwas, wato darussa, na wata uku sai daren jarrabawa. Darasin da bai ci ba ya zame masa bashi, ya shiga shekara ta biyu yana biyan na baya yana ɗaukar sabo. Don haka a takardar ya sa hanya ta biyu, wato abin da zai karanta in likita ba ta samu ba, da sunanta, kada ya bar ta "in Allah ya kawo wani abu".

Malamin gona: Ƙanena, kada ka ɗauki noma a matsayin inda ake tura wanda likita ta ƙi. Je ka fadamar Jiratawa ka ga zogale da kayan lambu, ka leƙa cibiyar INRAN (hukumar binciken noma ta ƙasa) ta Tarna inda ake aikin iri, ka tambayi masu aya da gyaɗa abin da ke cinye musu riba wajen ajiya. Jar akuyar Maraɗi ma fage ce mai zaman kanta. Kowane buri dai a gwada shi a hutu: mako biyu wajen mai wannan aikin, daga safe har tashi. Mai son likita ya nemi izini ya zauna a asibitin unguwa. Wani jini kawai zai gani ya san ba nan ba ne, gara ya sani yanzu da a shekara ta uku.

Alhaji, ɗan kasuwa: Malamai, duk na ji, amma babu wanda ya ce wa zai biya. A zauna da uban yaro a rubuta: rajista, hoton kwas, abinci, kuɗin kabu-kabu, haya in garin wani ne. A ninka da watannin shekara, a ninka da shekarun karatun. Bursu, wato tallafin kuɗin karatu, ba kowa ke samu ba, wanda ya samu ma kada ya ɗora watannin farko a kanta. Yaron da zai riƙa zama shago, a yanke masa lokaci, misali Asabar da Lahadi. In aka ce "duk sanda ka samu sarari", shago ne zai ci.

Ma'aikaci a jami'a: Alhaji ya tuna mini takardu. Takardar haihuwa, takardar ɗan ƙasa, sakamakon BEPC (jarrabawar gama ƙaramar sakandare): a shimfiɗa su tare a duba suna da ranar haihuwa harafi bayan harafi. Mahamadou a wannan, Mamane a waccan, ya isa a mayar da dosiye, wato takardun neman, kuma gyaran sai an bi ta kotu, ba aikin kwana ɗaya ba ne. A yi shi kafin rajistar bak, a kuma ajiye kofi masu hatimi a gida.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Malam, duk wannan zai shiga shafi guda kuwa?

Malamin lise: Zai shiga. Layi biyu na buri, uku na ƙa'idoji, hanya ta farko da shekarunta da kuɗinta, hanya ta biyu, sai abin da zai yi cikin wata ukun nan. Da hannunsa zai rubuta, kai kada ka gyara masa ko kalma. Ya sa kwanan wata a sama, ya sake fito da ita ranar da makin zango ya fito.