Idan sabunta Windows ya tsaya a hanya

Da masu gyara suka tattauna kan kwamfutar da ta ƙi tashi bayan sabunta Windows, bakinsu ya zo ɗaya: kada ka yi gaggawar goge komai. Kwashe fayilolinka tukuna, ko da za ka cire faifan ajiyar kwamfutar ka jona a wata na'ura.

Sannan ka kashe kwamfutar da maɓallin kunnawa sau uku tana tsaka da tashi, shuɗin allon gyara zai fito, nan za ka cire sabuntawar ƙarshe. In babbar sabuntawa ce, kwana 10 kacal Windows ke ba ka ka koma tsohuwar, kuma in ka share Windows.old, wato foldar da ke riƙe da tsohuwar Windows ɗin, shi ke nan.

Wani mai gyara ya ce galibin kwamfutocin da ake kawo masa, wuta aka ɗauke ana cikin aikin, batir kuwa ya daɗe da mutuwa.