Hoton tauraro ya nuna hayaƙi, ni kuma na ga sama garau

Maman Hanifa:
Salamu alaikum jama'a. A Bronx nake zaune cikin New York, kuma yarona na biyu yana da asma. Tun ranar 7 ga Yuni, 2023, da gari ya rine ja da tsakar rana saboda gobarar dajin Kubek ta Kanada, lokacin zafi ba ya zuwa gabana bai faɗi ba. Jiya maigida ya nuna min hoton tauraron ɗan'adam a waya, wani abu toka-toka ya lulluɓe jiharmu, amma da na leƙa taga sama garau, ko ƙauri babu. To wanne zan kama? Kuma ya suke bambance hayaƙi da gajimare?

Ɗan Zazzau:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba yaro lafiya. Hoton bai yi ƙarya ba, idonki ma bai yi ba. Tauraro daga sama yake leƙowa, duk abin da ke tsakaninsa da ƙasa a haɗe yake ganinsa. Hayaƙin da ke kilomita biyar ko shida a sama da wanda ke shiga hancinki, a hoto kusan kamarsu ɗaya. Gobara mai ƙarfi kan cilla hayaƙinta can sama, iska ta kwashe shi, ya wuce ta kanku ba ku shaƙa ba. Haka na Kanada ya ƙetare Tekun Atlantika ya isa Fotugal da Sifen a ƙarshen Yunin 2023, amma yawancinsa bai sauko ba. Naku na ranar 7 ga wata kuwa iska ce ta koro shi kudu ƙasa-ƙasa.

Taurarin iri biyu ne. Akwai irin GOES na Amurka, da ke nisan kusan kilomita 36,000 yana juyawa daidai da juyin duniya, don haka kullum wuri ɗaya yake kallo, yana ɗaukar hoto duk bayan 'yan mintuna. Da shi ake ganin tafiyar hayaƙin. Akwai kuma masu kewayawa kusa, irin Terra da aka harba a 1999 da Aqua a 2002, masu ɗauke da na'urar MODIS. Su sun fi ganin ƙananan abubuwa, har zafin wutar kanta, sai dai wucewa suke yi su tafi.

Maganar gajimare kuma: shi fari ne tas, curi-curi. Hayaƙi toka-toka ne ko ruwan ƙasa, shimfiɗe sumul, sau da yawa ana hango ƙasa ta cikinsa. Ya fi fitowa a hoton sassafe da na yamma lis, lokacin da rana ta karkata. In gajimare ya rufe shi kuwa, sai a koma ga Sentinel-5P na Turai, tauraro mai bin sawun iskar kabon monoksaid da gobara ke fitarwa, ko da yake shi ma gajimare mai kauri kan kare masa gani.

Don yaronki, ni da taswirar AirNow, shafin intanet na gwamnatin Amurka kan ingancin iska, zan yi aiki. Tana ɗora hayaƙin da tauraro ya gani a kan awon na'urorin da ke ƙasa. Ɗigon unguwarku za ki duba: lambar gurɓatar iska ta haura 100, mai asma ya rage fita; ta haura 150, kowa ma.

Baba na Damagaram:
Madalla da bayani. Mu nan ƙura ce tamu, daga kwarin Bodele na Chadi, kuma tauraron Meteosat na Turai na ganin tasowarta kafin ta iso mana. Amma wanda yake zaton wutar daji ta Turawa ce kaɗai, ya buɗe taswirar FIRMS ta NASA, mai nuna inda wuta ke ci, a watan Disamba. Daga Senegal har Sudan ta Kudu jajayen ɗigo ne rututu, manoma da mafarauta na ƙona daji.

Maman Hanifa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na duba yanzu, ɗigonmu kore ne duk da tokar da ke kansa. Amma Malam, in na sama ne yau, zai iya saukowa gobe?

Ɗan Zazzau:
Zai iya, Hajiya, musamman da rana in ƙasa ta ɗau zafi iskar sama da ta ƙasa suka cakuɗe. Ki sake dubawa da safe kafin ya tafi makaranta, sannan bayan azahar, kuma abin shaƙarsa ya kasance a jakarsa.