Don Allah sunan wannan wasa nake nema kafin gobe

Mai Shirin Rediyo: Salamu alaikum. Gobe ƙarfe 10 zan naɗi shiri kan wasan cike akwatuna da haruffa, wanda ya fara fitowa a jaridar New York World a Disamba 1913, Times ta Landan ta ɗauka a 1930. Amma irin na Ingila nake nufi, cryptic crossword, mai zuwa da tambaya a murɗe. Sunan wasan nake so, da sunan ita tambayar.

Malamar Firamare: Cike gurbi mana.

Mai Shirin Rediyo: A'a Malama. Cike gurbi shi ne a ce "Rashin sani ya fi dare..." ki ƙarasa. Ga wadda na haɗa: "Ya kori ji, yana ɓoye cikin maganin zaman duniya (4)". Kowa zai yi caraf ya ce haƙuri, alhali akwati 4 aka ba shi. Amsar GANI ce: gani ya kori ji, kuma ga shi kwance a tsakiyar maGANIn.

Malamar Firamare: Kai, ni ma haƙurin na ce! To ai kacici-kacici ne.

Tsohon Edita: Kacici-kacici na baka ne, ba ruwansa da alƙalami. A kira shi daran baƙaƙe, daga wasan dara. Gidaje a jere, ana tsaye ana kwance, sai ka yi lissafi kafin ka ajiye. Na daɗe ina faɗar wannan, ba a ji.

Ɗalibin Nahawu: Baba, wasula fa? A GANI kaɗai akwai biyu. Daran haruffa dai.

Tsohon Edita: Haruffa Larabci ne, yaro. Sai yaushe za mu daina bara?

Ɗalibin Nahawu: Allah ya huci zuciyarka, alƙalamin da ka ambata daga ina ya zo?

Tsohon Edita: Wanda ya kwana shekaru aru-aru a gida ya zama ɗan gida. Ku dai 'yan jami'a ku ƙirƙiro kalma a ofis, ko ku kanku ba kwa faɗarta.

Mai Fassara: Zaurance fa? Kuma sh da ts, akwati ɗaya ko biyu?

Mai Shirin Rediyo: Yaya, wannan rigimar wata rana ce. Zaurance cusa gaɓa ake yi a kalma, nan kuwa ma'ana ake karkatarwa. Jama'a, lokaci.

Malamar Firamare: To ka ce kacici-kacicin akwatuna. Tambayar kuma, mai lauje cikin naɗi. Tunda da karin magana ka gina ta, karin magana ya raɗa mata suna.

Mai Shirin Rediyo: Laujen ya zauna daram, na ɗauka. Na farkon ya yi tsawo a baki, amma mai sauraro zai gane.

Tsohon Edita: Laujen ba laifi. Akwati dai na zuba kaya ne. Ka ambaci daran baƙaƙe ko sau ɗaya, mu ji wanda zai bi bakin mutane.

Mai Shirin Rediyo: In minti ya ragu, Baba.