Zama tare yana kashe ƙiyayya, ko dai zancen 'yan bita ne?

Malam Ibrahim: Assalamu alaikum jama'a. Jiya a wajen ɗaurin aure muka kaure da gardama da wani abokina har abinci ya huce. Shi ya dage cewa duk matsalar Kaduna rashin cuɗanya ce, wai ka ɗauko yaran Musulmi na Rigasa ka haɗa su da yaran Kiristoci na Sabon Tasha wuri ɗaya na 'yan watanni, ƙiyayya za ta tafi da kanta. Ni kuma na ce wannan zancen 'yan bita ne, a faɗe shi a otal, a ci abinci, a karɓi kuɗin mota a watse. Bahaushe cewa ya yi zo mu zauna, zo mu saɓa. Dakta, ke fanninki ne, ki raba mana gardama.

Hajiya Binta: Wa alaikumus salam. Kafin Dakta ta zo, ni ina bayanka Malam. Shekarata nawa ina sayar da atamfa a babbar kasuwa. Maƙwabciyar shagona Kirista ce, ita ke tsare min shago in na tafi salla, mu ci abinci kwano ɗaya. Amma ƙarfe biyar na yi kowa zai nemi motar da za ta kai shi nasa ɓangaren gadar kogin Kaduna, Musulmi gefe, Kirista gefe. In cuɗanya ce magani, ai da kasuwa ta warkar da mu tuntuni.

Bulus: Hajiya, ki bar ni in faɗi nawa. A Tudun Wada aka haife ni, Hausa na fara ji kafin yaren iyayena. A rikicin Fabrairun 2000 wani dattijo maƙwabcinmu ne ya shigar da mu ɗakin matarsa, ya saka wa yayata hijabi, ya zauna a ƙofar gida da carbinsa yana ce wa masu wucewa babu kowa a ciki. Kwana biyu muka yi a can. Da bai san mu ba, da bai yi haka ba. To ni ba za a ce min zama tare banza ne ba.

Malam Ibrahim: Allah ya saka wa dattijon nan da alheri. Amma ɗan'uwa, waɗanda suka shiga gidanku bayan kun fita, baƙi ne?

Bulus: Wasu baƙi ne. Wasu kuma tare muka buga ƙwallo.

Malam Ibrahim: To ka gani.

Dakta Asma'u: Ku yi haƙuri, ina aji ne. Malam, abokinka ba shi ya ƙirƙiro maganar ba. Wani masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, Gordon Allport, shi ya shimfiɗa ta a 1954, lokacin da ake fama da wariyar launin fata a can. Sai dai mutane na ɗaukar rabin maganarsa su bar rabi. Bai ce kowace irin haɗuwa ba. Sharuɗɗa ya gindaya: mutanen su haɗu a matsayi ɗaya ba ubangida da bara ba, su kasance da buri ɗaya, su yi aikin da dole sai sun dogara da juna, sannan hukuma ko manya su goyi bayan abin. Hajiya, ciniki tsakanin mai saye da mai sayarwa da wuya ya cika waɗannan, kowa ribarsa yake nema. A 2006 wasu masana biyu, Pettigrew da Tropp, suka tattara bincike 515 suka ga cewa a mafi yawansu, inda cuɗanya ta yi yawa ƙyama ta yi ƙasa.

Nura: Shi ke nan Anti ta gama magana. 515 fa.

Dakta Asma'u: Tsaya ƙanena, ban gama ba. Yawancin waɗannan binciken tambayar mutane kawai aka yi. In ka ga mai abokai Kiristoci ba ya ƙyamarsu, ta ina za ka san abotar ce ta cire masa ƙyamar, ba rashin ƙyamar ne tun farko ya sa ya yi abokan ba? Hanyar rabe wannan ita ce a yi ƙuri'a, wasu a haɗa su, wasu a bar su, sannan a dawo daga baya a duba. Da Elizabeth Paluck da abokan aikinta suka je neman irin wannan binciken mai ƙuri'a wanda kuma aka jira aka sake aunawa, guda 27 kacal suka samu.

Kuma ɗaya daga cikin mafi shahara a irinsu a nan Kaduna aka yi shi. Alexandra Scacco da Shana Warren suka fitar da shi a 2018. Samari 849 suka ɗauko daga unguwannin talakawa da ke yawan fama da rikici, Musulmi da Kirista. Da ƙuri'a aka zaɓi wasu aka ba su horon kwamfuta na mako 16, sauran ba a saka su ba. Cikin waɗanda aka horar, wasu ajinsu gauraye ne, wasu kuma ajin 'yan addini ɗaya zalla. Ba a yi musu wa'azin zaman lafiya ba, kwamfuta kawai suka koya.

Hajiya Binta: To me aka samu? Kin bar mu a tsaye.

Dakta Asma'u: Da aka tambaye su ra'ayinsu kan ɗaya ɓangaren, babu abin da ya canza. Mummunan zaton da suka shigo da shi, da shi suka fita.

Malam Ibrahim: Allahu Akbar. Nura, ina kake? Bari in tura wa abokin nan nawa.

Dakta Asma'u: Malam kar ka tura tukuna. An kuma gwada su da kuɗi. A ba saurayi kuɗi a ce ya raba yadda ya ga dama tsakaninsa da wani, kuma daga sunan wancan zai gane addininsa. A nan aka ga bambanci. 'Yan aji gauraye ba su nuna wariya kamar 'yan aji zalla ba. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne dalilin. Da aka kwatanta da samarin da ba su shiga horon ba sam, sai aka ga 'yan ajin zalla ne wariyarsu ta ƙaru. Wato mako 16 na zama da naka kaɗai, kuna wasa da dariya kuna shaƙuwa, ya sa ka ƙara fifita naka a kan wancan.

Bulus: Wannan ya taɓa ni. Ai abin da muka yi wa garin ke nan bayan rikicin 2000 da na 2002. Kowa ya kwashe kayansa ya tsallaka kogi. Ɗana yanzu shekararsa 17, bai taɓa shiga gidan Musulmi ya ci tuwon salla ba. Hausarsa ma ta kasuwa ce.

Malam Ibrahim: Ni dai abin da na ji shi ne zuciya ba ta canza ba. Sauran duk wasan yara ne. An ba yaro 'yan canji a ɗaki, ya san ana rubutawa, ya yi kirki. Ranar da aka ce an taɓa masallaci ko coci, wannan wasan ne zai riƙe hannunsa?

Nura: Malam da girmanka, amma me ya dame ni da zuciyar mutum? In zai ba ni haƙƙina a ofis, ya ba ni hayar ɗaki, ya bar ni in wuce lafiya, ya riƙe abin da ke ransa. Allah ne mai hisabin zuciya.

Malam Ibrahim: Yaro man kaza. Abin da ke zuciya shi ke fitowa ranar da babu ɗan sanda. A Ruwanda a 1994 ba maƙwabta ba ne suka kashe maƙwabta? Har auratayya akwai tsakaninsu.

Dakta Asma'u: Wannan gaskiya ne Malam, kuma babu mai binciken kirki da zai ce cuɗanya na tare gari in shugabanni da rediyo sun hura wuta. Tun da ka kawo Ruwanda, Paluck ɗin nan ta yi aiki a can. Shekara guda mutane na sauraron wani wasan kwaikwayo na rediyo kan sulhu, mai suna Musekeweya. Abin da suka yi imani da shi a ransu bai motsa sosai ba, amma abin da suke ganin jama'a ta yarda da shi ya canza, har da yadda suke fitowa su faɗi saɓanin ra'ayi a taro. Kusan hoto ɗaya da na Kaduna.

Nura: Anti, na ƙwallon Iraƙi fa da kika taɓa ba mu labari?

Dakta Asma'u: Salma Mousa, 2020. A Erbil da Ƙaraƙosh ta yi aikin, da Kiristocin da 'yan ƙungiyar IS suka kora daga garuruwansu a 2014. Aka shirya gasar ƙwallo ta wata biyu, aka ƙara wa ƙungiyoyin Kiristoci 'yan wasa uku-uku, wasu aka ba su Musulmi, wasu Kiristoci, da ƙuri'a. Waɗanda suka buga da Musulmi sun fi zaɓen Musulmi ya karɓi kyautar ɗan wasa mai ladabi, sun fi yarda su shiga ƙungiya gauraye a kaka ta gaba, kuma bayan wata shida sun fi yin atisaye da Musulmi. Amma da aka duba ko za su je cin abinci a Mosul, inda Musulmi suka fi yawa, ko su halarci taron da ya haɗa su da baƙin Musulmi, babu wani bambanci.

Hajiya Binta: Wallahi wannan ni ce. Maƙwabciyata zan iya ba ta makullin shagona da na gidana. Amma ka ce in shiga unguwarsu bayan magariba, gabana sai ya faɗi. Ita ma ta faɗa min haka take ji da tamu, muka yi dariya, dariyar da ba ta kai ciki ba.

Bulus: Mu ma haka muke cewa, ai wane daban ne, ba kamar sauran ba. Ka ware mutum ɗaya ka wanke shi, ka bar sauran miliyoyin da laifi.

Malam Ibrahim: To ashe ba mu yi nisa da juna ba. Tun 1973 ake tura yara bautar ƙasa don wannan manufar, ga makarantun haɗaka na tarayya, har yau muna nan muna ƙirga wane ɗan ina ne kafin mu jefa ƙuri'a. Abokina ya ce ƙiyayya za ta tafi. Ba ta tafi ba. Na ci gardama.

Dakta Asma'u: Ka ci rabi Malam. Kai cewa ka yi zancen banza ne gaba ɗaya. In aka bi taka aka bar kowa a nasa ajin, binciken garinmu cewa ya yi abin ƙaruwa zai yi. Kuma ka tuna iyakarsa: samari ne kaɗai, babu mace ko ɗaya, mako 16 ne, ba shekara 16 ba.

Hajiya Binta: Yanzu kun sa ni cikin tunani. Ƙungiyarmu ta mata ta tara kuɗi za mu buɗe ajin ɗinki da na kwamfuta ga yaran unguwa bayan salla. Duk namu ne, ko ɗaya babu daga tsallake. Ke nan wuta za mu ƙara wa itace ba mu sani ba?

Malam Ibrahim: Haba Hajiya, kar turawa biyu su hana ki aikin lada. Ki koya wa yara sana'a.

Bulus: Hajiya, in kin yarda ni zan kawo miki yara biyar daga cocinmu. Amma ba a cikin unguwa ba, iyayensu ba za su bari ba. A nemi wuri a tsakiyar gari, kuma a tashi kafin la'asar.

Hajiya Binta: Hayar shago a tsakiyar gari, ka san nawa ne kuwa? Ga kuɗin Keke Napep na yara kullum, zuwa da dawowa. Wa zai biya?

Nura: Malam Ibrahim mana, tun da shi ya ci gardama.

Malam Ibrahim: Kai Nura, zan haɗa ka da babanka. Hajiya ki turo lissafin hayar mu gani tukuna, ban yi alkawari ba.