Wane Suna Za Mu Ba Sikwensa?

Assalamu alaikum. Ɗan yayata, wanda yake haɗa kiɗa a wani ƙaramin situdiyo a Ƙofar Ƙaura, ya nuna mini wata na'ura ƙirar Korg SQ-1, wadda ta fito a 2015, ya ce sunanta sikwensa. Na ga ya dace mu raɗa mata namu sunan tun kafin wannan ya zauna a bakin yara.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne, ita kanta ba ta da murya. Tana da layi biyu na maɓallan murɗawa, takwas-takwas, kowanne da 'yar fitilarsa. Idan aka kunna ta, hasken yana tafiya daga na farko zuwa na ƙarshe ya sake komowa, kuma duk maɓallin da ya sauka a kansa, na'urar za ta aika wani gwargwado na ƙarfin lantarki ta waya zuwa sintisaiza, wadda ita ce mai fitar da sautin. A tsarin kamfanin Moog na Amurka, wanda ya ƙera sikwensa samfurin 960 mai layi uku a ƙarshen shekarun 1960, ƙarin bolt 1 (ma'aunin ƙarfin lantarki) yana ninka kaifin sauti. Na ga yaron ya murɗa maɓalli na biyar kaɗan alhali kiɗan yana gudana, nan take zagayen ya sauya kama ba tare da ya tsaya ba.

Wani abokina malamin makaranta ya kawo "matakala", saboda Turawa suna kiran kowane maɓalli "step", wato taku. Ban gamsu ba. Wanda ya taɓa hawa Hasumiyar Gobarau ya san matakala tana kai mutum sama ne ta ƙare, ita kuwa wannan zagaye take yi.

Shawarar da ta fi jan hankalina ta wani dattijo ce da ya yi kiɗa da ƙuruciyarsa, wanda ya saurara ya ce, "Ai wannan kanzagi ne." Ranka ya daɗe, ka yi gaskiya ta fuskar aiki, domin kanzagi ne yake riƙe bugu ɗaya yana maimaitawa, babbar ganga tana zance a kansa. Sai dai kanzagi yana da tasa muryar, kuma idan muka ara wa na'ura sunansa, nan da 'yan shekaru yaro zai ji kalmar ya zaci akwatin lantarki ake nufi.

Ni dai na tsaya a kan "majeri", daga jera, kamar yadda buɗe ya ba mu mabuɗi, goge ya ba mu magogi; jam'insa majerai. Kowane maɓalli kuma mu kira shi "gurbi", irin na dara, tunda abu ɗaya yake ɗauka, sai a ce majeri mai gurbi goma sha shida.

Saura bambancin sikwensa na analog, irin wannan mai maɓallan murɗawa, da na dijital, wato na kwamfuta. Na kwamfuta yana ajiye kiɗa a ƙwaƙwalwarsa, wannan kuwa inda aka bar maɓalli nan sautin yake, kuma da hannu ya goge shi an rasa na da. Don haka nake ganin "majerin murɗi" ya dace da shi. Ɗan yayan nawa ya ce murɗi yana tuna masa murɗiyar zaɓe, kuma ina jiran ra'ayin malamanmu na Hausa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a kan wannan ƙorafin nasa.