Ta ina ake gane toka biyu daga aman dutse ɗaya suka fito?

Ɗan Kaltungo:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ina aji biyu a jiyoloji, wato ilimin duwatsu da ƙasa, na taso ina kallon Dutsen Tangale ban san ragowar dutse mai aman wuta bane sai da na shiga jami'a. Jiya malam yace wai ana tono toka a wata ƙasa a ce ita ce dai wacce aka samu a wata ƙasar can daban. Abin ya tsaya min a rai wallahi, toka ai toka ce, da launi ake ganewa ko yaya?

Yayan Ummi:
Wa alaikumus salam ƙanena. Rabu da launi, zai yaudare ka. Tokar nan ba irin ta murhu bace, ɓurɓushin gilashi ne da narkakken dutse ya watso sama ya daskare nan take, to shi ake wankewa a tsince a kai ƙarƙashin na'ura mai harba ilektiron ta auna ƙwaya ɗaya ɗaya, silika nawa, ƙarfe nawa, fotashiyam da kalsiyam nawa. Kowane amai da nasa haɗin, kamar zanen yatsa. Dubi Toba, dutse mai aman wuta a tsibirin Sumatra na Indonesiya, da ya fashe kusan shekara 74,000 da suka wuce, an samu gilashinsa a Indiya, an kuma same shi cikin laka a ƙasan Tafkin Malawi, tazarar sama da kilomita 7,000, ido ma baya ganinsa a wurin, awo ne ya tona shi.

Maman Hanif Bauchi:
Haka ne Yaya, amma a faɗa masa wahalar ma. Irin zafi da daminar mu gilashin baya jurewa, a hankali yake rikiɗewa ya koma yumɓu, fotashiyam ɗin ruwa ya wanke. Sai a koma kan sinadaran taitaniyam da zirkoniyam da ruwa baya wankewa, ko ƙwayoyin zirkon, wani ma'adini mai tauri da ake samu cikin tokar. Kuma dutse ɗaya kan yi amai biyu masu kama sosai, dole ka haɗa da awon shekarun tokar ta hanyar iskar argon da ke cikinta, da kuma wane shimfiɗin toka ne a sama wane a ƙasa.

Ɗan Kaltungo:
Allah ya saka da alheri. Kenan in muka je Biu wajen Tafkin Tila, wanda ke cikin ramin tsohon dutse mai aman wuta, in ɗebo samfur?

Maman Hanif Bauchi:
Ɗebo, amma kowane shimfiɗi da ledarsa, ka rubuta zurfi da wurin a jiki tun kana tsaye a gun. In suka cakuɗe aikin ya lalace.