Me ya kai waƙar “Hello” ta Adele saman jadawali: murya ko bidiyo?

Ɗan Mokoyo:
Assalamu alaikum. Gardama ce ta tashi a fadarmu a kan waƙar “Hello” ta Adele, mawaƙiyar Ingila, kuma har shayi na uku ya ƙare ba mu daidaita ba. Waƙa ce mai sanyi, babu kiɗan rawa a cikinta, amma ana cewa ta yi makonni tana ta ɗaya a Amurka. Wasunmu sun ce bidiyon ne ya ɗaga ta, wasu kuma sun ce muryar ce kawai. Ina roƙon yayyena masu sani su bayyana mana yadda ake lissafin wannan matsayi, da abin da ya kai ta can.

Malamin Zariya:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Waƙar ta fito ranar 23 ga Oktoba 2015, kuma Adele ta rubuta ta ne tare da Greg Kurstin, wanda shi ne ya haɗa kiɗan. Jadawalin da kuke magana a kai shi ne Billboard Hot 100, jerin waƙoƙi 100 da suka fi tashe a Amurka kowane mako, wanda a lokacin yake haɗa abu uku: yawan waɗanda suka sayi waƙa, yawan sa ta a gidajen rediyo, da yawan sauraro ta intanet, har da kallon YouTube na cikin Amurka, wanda aka fara ƙirgawa a 2013. Saboda haka bidiyon ya shiga lissafi, amma ba shi ne ya ɗauki nauyin kayan ba. A makon farko an sayi waƙar ta intanet sau miliyan 1.11 a Amurka kaɗai, kuma ita ce waƙa ta farko da cinikinta na intanet ya haye miliyan ɗaya a mako guda. Ta shiga jadawalin kai tsaye a matsayi na ɗaya, ta zauna a wurin makonni 10.

A ganina, abin da ya fi yi mata aiki shi ne jiran da mutane suka sha. Tun kundinta mai suna 21, wanda ya fito a 2011, ba ta sake fitar da wani ba, sai waƙar fim guda a 2012. Ana cikin wannan shiru, ranar 18 ga Oktoba, aka sa ɗan guntun waƙar na daƙiƙa 30 a lokacin talla a talbijin na Ingila, babu suna, babu hoto, sai kalmomi a kan baƙin allo. Duk wanda ya san muryar ya gane mai ita, kuma kafin gari ya waye magana ta cika ko'ina.

Hajiyar Bagalam:
Malam ya yi bayani mai gamsarwa, amma ina ganin ya rage wa bidiyon haƙƙinsa. Ni sana'ata ɗaukar bidiyon biki ce, don haka da idon sana'a na kalle shi. Xavier Dolan, wani matashin mai shirya fim ɗan Kanada, shi ne ya ɗauke shi a karkarar Kebek, kusa da Montreyal, kuma an yi amfani da kyamarar IMAX, irin wadda ake ɗaukar finafinan manyan allunan sinima da ita, a wani sashe nasa. Ya cire launuka, ya bar hoton da kalar tsohon hoto mai ruwan ƙasa. Ku lura da farkonsa: an wuce minti ɗaya ba a fara waƙa ba, sai mace ta shiga gidan da aka daɗe da barinsa, tana yaye zannuwan da aka lulluɓe kujeru da su, ƙura tana tashi. Mai ɗaukar hoto ya san cewa wannan ƙurar ba ta fitowa a kyamara sai an saita haske ta bayanta.

Wayar da ke hannunta ma tsohuwa ce mai murfi, abin da ya sa mutane suka yi ta zolaya, alhali da gangan aka zaɓe ta don kada bidiyon ya yi kama da tallar sabuwar waya. A awa 24 na farko an kalle shi sau miliyan 27.7, ya karya tarihin da mawaƙiya Taylor Swift take riƙe da shi a Vevo, dandalin bidiyon waƙoƙi, sannan ya cika biliyan ɗaya a YouTube cikin kwana 87. Wanda ya kalla har ƙarshe, shi ne yake zuwa ya saya.

Mai Turi, Babbar Kasuwa:
Hajiya da Malam, ku gafarce ni, akwai abin da ya kamata Ɗan Mokoyo ya sani kafin ya koma fada. Waɗannan alƙaluma ba su ƙirga mu ba. A nan Maradi mutum ɗaya ne yake sauko da waƙa, sai mu tura ta a memori, daga nan ta bi Bluetooth da Xender daga waya zuwa waya, kuma ko mutum dubu suka saurare ta, babu na'urar da ta rubuta. Yawancin masu zuwa teburina sauti kaɗai suke nema, saboda bidiyo yana cinye wuri a memori. Don haka idan tambayar a kan Amurka ce, ina bayan Malam da Hajiya duka biyu. Idan kuwa a kan garinmu ce, muryar ce ta yi tafiya, domin ba kowa ne ya ga ƙurar da Hajiya take yabawa ba.